Shekaruna a Ɗakin Gasɗara Ba Tare da Shahada Ba

Ranar Juma'a, muna cin abinci a gidan mahaifiyarka, ka ce za ka bar kulliya, wato kwalejin da kake karatu, Anas. Ka ce karatun fannin zuciya ya yi maka tsawo: shekarar share fage, sai shekarun aji, sai shekarar imtiyaz da za ka yi kana aiki a asibiti a ƙarƙashin wasu, bayan wannan duka kuma a zauna jarrabawar lasisi. Abokin nan naka da kuka zo tare ya ce ai aikin ma danna kwamfuta ne da miƙa wa likita kaya. Sai ka nuna ni da cokali ka ce, "Ga Kawu Haruna nan. Bai taɓa shiga kulliya ba, kuma ya fi shekara ashirin a ɗakin gasɗara." Ban amsa ba a lokacin, don ran uwarka ya riga ya ɓaci. Yanzu zan amsa, kai da abokinka da duk mai irin tunaninku.

Gasɗara, ga wanda bai sani ba, ita ce a huda jijiyar mutum a saman cinya, inda ta haɗu da mara, a zura siririn bututu ya bi jini har ya kai zuciya. A tura ruwan rini ta cikinsa, a haska da ashi'a, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, a ga inda hanya ta toshe. Likita ne ke riƙe da bututun. Duk sauran abin da ke cikin ɗakin, na fanni ne, wato ma'aikacin da ke kula da na'urori da kayan aiki.

A Nuzla aka haife ni, wata unguwa a nan Jidda. Kakanku ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano bai koma ba, a nan ya yi dako har ya mutu. Kai ubanka yana da jinsiyya, wato ɗan ƙasa ne, shi ya sa ƙofar kulliya take a buɗe gare ka. Ni iƙama gare ni, takardar zaman baƙo, kuma karatuna bai wuce aji na tsakiya ba. A farkon shekarun tamanin wani maƙwabcinmu ya samo mini aiki a wani asibitin kuɗi a arewacin Jidda, ina tura gadon marasa lafiya. In kai mutum ƙofar ɗakin gasɗara, in zauna a benci in jira a fito da shi. Ban san abin da ake yi a ciki ba. Jar fitila kawai nake gani a saman ƙofar tana kamawa tana mutuwa.

Wata rana babban fannin ɗakin ya leƙo. Sunansa Ustaz Hamad, Basudane ne dogo, mai ƙaramar murya. Mai wanke musu fim ya tafi hutu ƙasarsu bai dawo ba. Ya dube ni ya ce, "Kai, kana tsoron duhu?" Na ce a'a. Ya ɗora mini wani akwatin ƙarfe mai nauyi a hannu ya ce, "To biyo ni. In ka yar da wannan, ka yar da zuciyar mutum."

A wancan zamani hoton zuciya a kan fim ake ɗaukarsa, dogon zare kamar na silima. Ɗakin wanke shi bai fi banɗaki girma ba, babu taga, warin magani yana cin hanci har cikin maƙogwaro. Da laluben hannu ake fito da fim ɗin daga akwati a saƙala shi a inji. In ruwan maganin ya yi zafi fiye da ƙima, hoton ya ƙone; in ya yi sanyi, ya fito fari ba a ganin komai. Na tuna ranar da wuta ta ɗauke fim yana tsakiyar inji. Hoton wani tsoho ne ɗan Yaman mai ciwon ƙoda, wanda likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki rini sau biyu ba. Ustaz ya shigo ya rufe ƙofa, muka buɗe injin a cikin duhu, muka riƙa jan fim ɗin da hannu daga wannan ruwa zuwa wancan, yana ƙirga lokaci da baki. Rabinsa ya tsira. Rabin da ya lalace shi ne na jijiyar hagu, wadda ake nema. Dole aka sake kwantar da tsohon, kuma daga nan ƙodarsa ba ta sake tashi ba. Ba wanda ya yi laifi. Na faɗa muku ne don ku san abin da ke rataye a kan aikin da kuke kira miƙa kaya.

Daga fim aka ƙara mini wankin bututu. Yanzu sau ɗaya ake amfani da bututu a jefar. A lokacin, a asibitinmu, wankewa ake yi. Ka ɗura masa ruwa da sirinji har sai ya fito garau, ka ɗaga shi a fitila ka bi shi da ido daga kai har gindi kana neman tsaga, ka busar, ka naɗe, ka kai wurin kashe ƙwayoyin cuta. Ustaz yakan ɗauki wanda na gama ya shinshina bakinsa. In ya ji ƙarnin jini, ba ya faɗa. Sai ya mayar da shi cikin kwanon ƙazanta, tare da duk sauran da na wanke a ranar.

Na daɗe a haka kafin ya ba ni rigar dalma, wadda ke tare hasken ashi'a. Ku da kuke ganin ta a hoto kamar rigar girki ce. Ta wancan lokaci guda ɗaya ce, duk nauyinta a kafaɗa, kamar ka goya yaron da ya isa yaye daga safe zuwa la'asar. A kanta a sa rigar tiyata, a sa safar hannu, a rufe baki. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, amma gumi yana bin bayanka har cikin takalmi. Ba zama, ba jingina, ba sosa ƙaiƙayi. Abin da ya sa kuke ganin ina sallah a kan kujera ke nan.

Aikin farko da aka bar ni na yi a jikin mutum shi ne danne jijiya. In an gama an zare bututu, ramin da ke cinya ba ɗinke shi ake yi ba. Fanni ne zai ɗora yatsu a sama da ramin kaɗan, ya danna da nauyin jikinsa, ya tsaya a haka har jini ya daskare. Wani lokaci kusan rabin awa. In ka danna da yawa, ƙafa ta mutu. In ka sassauta, jini ya taru a ƙarƙashin fata kamar kankana. Ba zan manta wata Hajiya da 'ya'yanta suka kawo daga unguwar Mahjar ba. Ba ta jin Larabci sosai, tun da aka shigo da ita a tsorace take. Ina danne mata, sai na ji tana cewa a hankali, "Wayyo ni, mutanen nan za su kashe ni ban yi sallama da kowa ba."

Na ce, "Ba mai kashe ki, Hajiya. An gama. Ki dai riƙe ƙafar nan a miƙe."

Ta zaro ido. "La ilaha illallahu! Ɗan nan, Bahaushe ne kai?"

"Bahaushe ne, Hajiya. Ɗan Nuzla."

"To ɗan Nuzla, ka ɗaga mini hannun nan kaɗan, ka huda ni."

"In na ɗaga, jininki zai kai rufin nan."

Sai ta yi dariya, dariyar ta zama tari, na ji jijiyar tana harbin yatsuna kamar za ta ƙwace. Jini ya ɓullo ta gefen hannuna. Na ƙara dannawa, na fara lissafin lokacin daga farko. Da na gama na ɗora mata jakar yashi, yatsuna sun ƙi miƙewa. Sai da wata nas ta zuba musu ruwan ɗumi. Daga ranar mutanen unguwa suka fara kira na likita. Na gaji da gyara musu, na bari.

A hankali Ustaz ya matso da ni teburin. Ya koya mini jera kaya ba tare da hannuna ya taɓa abin da bai kamata ba. Ya koya mini fitar da iska daga layukan ruwa, yana ɗaga sirinji yana ƙwanƙwasa shi da farce, domin ƙwayar iska ɗaya in ta shiga jijiyar zuciya ko ta haura kai, ta isa ta kwantar da mutum har abada. Ya koya mini daidaita ma'aunin ƙarfin jini da tsakiyar ƙirjin majiyyaci kafin a fara. Babban darasinsa kuwa shi ne inda za ka ajiye idonka. Kowa a ɗakin hoton zuciyar yake kallo, don shi ne abin sha'awa. Fanni ba ya kallon hoto. Layin bugun zuciya yake kallo, da na ƙarfin jini. Yakan ce, "Likita yana da hanya a gabansa. Kai ka kula da wanda ake bi ta cikinsa."

Na fara ganin mutuwa a kan teburin da wani direban babbar mota daga Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta nan Jidda. Da ƙafarsa ya shigo, yana ta ba mu labarin hanyar Madina, har ya ce a yi sauri yana da lodi. An tura rini a jijiyar hagu, sai layin ya rikice kamar rubutun ƙaramin yaro. Na ɗaga murya, Ustaz ya ɗora masa faifan lantarki a ƙirji, ya girgiza shi. Aka danna ƙirji, aka yi allurai, aka sake girgizawa. Bai dawo ba. Da aka fita da shi, takalmansa suna nan a ƙarƙashin benci, ya jera su da kyau. Ina tsaye ina kallon su, Ustaz ya miƙo mini tsumma ya ce, "Goge teburin, ya Haruna. Akwai mace tana jira a waje, tun asuba ba ta ci komai ba."

Yanzu bari in zo kan maganar karatu, tun da ita ce ta haɗa mu. Ƙofofi uku na ga mutane suna shigowa aikin nan ta cikinsu. Wasu nas ne, suka ƙara horo na gasɗara. Wasu karatun ashi'a suka yi, su ma suka ƙara horo. Daga baya aka fara samun irin naka, waɗanda tun daga farko fannin zuciya suka karanta, suka zaɓi gasɗara a shekarun ƙarshe. Ni ba ta ko ɗaya na shigo ba. Kuma na san haka tun da wuri. Makarantar lafiya ta nan ba ta ɗaukar mai iƙama. Hanyar da ta rage mini ita ce in gama sakandare a ajin manya, in fita waje, Sudan ko Masar ko Nijeriya, in yi difloma in dawo da shahada, wato takardar shaidar karatu. Wannan yana nufin shekaru ba albashi, kakanku ya rasu, uwarka tana makaranta, kuma kafili, wato ubangidan da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, ba zai riƙe mini iƙama ina wata ƙasa ba. Na kai wa Ustaz maganar. Ya kama hannuna ya juya shi ya ce, "Wannan shi ne shahadarka. Wa zai kori hannu irin wannan?" Da gaskiya ya faɗa, kuma na yarda, domin abin da nake so in ji ke nan.

Aikin ya yi ta canzawa muna binsa. Aka zo da balan-balan da ake hurawa a cikin jijiya a buɗe ta. Aka zo da du'ama, ɗan ragar ƙarfe da ake bari a ciki don kada ta sake rufewa. Duk na koye su da ido da hannu. Na san abin da za a yi, na san abin da ke biye da shi. Dalilin ne ban sani ba. Ban gane girman wannan giɓi ba sai da aka kawo mana Nuha, wata yarinya 'yar ƙasa da ta yi digiri a ashi'a ta ƙara horo a gasɗara. Makonta na farko, ni na koya mata fitar da iska. Amma wata rana ta ja ni gefe ta ce, "Ya Ammi, me ya sa kake tsayawa daf da injin nan? Kuma ina bajinka na auna haske?"

Na ce yana cikin loka, inda na kowa yake.

Ta zana mini a bayan kwalin safar hannu yadda hasken ke dukan jikin majiyyaci ya watsu a ɗaki, da yadda ja da baya kaɗan ke rage shi ƙwarai. Ta ce rigar dalma ba ta rufe ido, ba ta rufe wuya. Shekaru ni da Ustaz muna tsaye a wurin da hasken ya fi yawa, ba tabarau, ba abin wuya, don a nan aka fi jin daɗin miƙa kaya. Ita a aji aka faɗa mata wannan, a darasin nan na fiziya, ilimin haske da lantarki, da ka ce ba ka ga amfaninsa ba. Ta san abin da kowane magani ke yi wa ƙoda da jini. In likita ya ce a ba da kaza, tana iya cewa, "Duktur, majiyyacin yana shan kaza." Ni sai dai in ɗauko in miƙa.

Sai mummunar shekara ta zo, kuma komai a tare ya zo. Da farko aka cire tsohon injin aka kafa na kwamfuta, hoto ya koma kan faifai. Aka kwashe kayan ɗakin duhu, aka mai da shi wurin ajiye tsintsiya. Ba a daɗe ba aka ce duk wanda ke taɓa majiyyaci sai yana da lasisi, lasisi kuma sai da shahada. Aka kira ni ofis. Mutumin bai wulaƙanta ni ba, har shayi ya sa aka kawo. Ya ce a iƙamata lebura aka rubuta, kuma in masu duba asibiti suka same ni a teburi, ɗakin gaba ɗaya za su rufe. Likitanmu ya je ya yi magana, ya dawo yana kaɗa kai. Na tambaya ko zan iya zama jarrabawar kawai, in na faɗi in haƙura. Aka ce ba a shiga ɗakin jarrabawar sai da shahada. Halas, magana ta ƙare. Aka mai da ni ɗan sito na sashen, ina jera bututai a kan kanta.

Ustaz yana da tsohuwar difloma daga Khartoum, an karɓi tasa. Amma yanar ido ta riga ta rufe masa na hagu, na dama ma ta fara, fatar bayan hannayensa ta bushe tana tsagewa. Ya fara riƙe sirinji daf da hanci yana neman iska. Da kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Yana cikin haɗa kayan komawa gida, wata la'asar sai ga shi an turo shi a gado daga sashen gaggawa, gumi ya jiƙe jallabiyarsa, ya dafe ƙirji.

Na bi gadon har ƙofa. Shugabar nas ta tare ni da hannu, ta nuna mini ɗakin gilashi inda ake zama a kalli aiki. A nan na tsaya. Nuha ce a teburi. Jijiyar dama ce ta toshe tun daga sama. Likita ya zura waya ta wuce, ya hura balan-balan, jini ya fara bi, sai layin ya rikice. Na buɗe baki, amma kafin muryata ta fita Nuha ta riga ta faɗa, nas ta riga ta ɗora faifan. Jikinsa ya zabura. Layin ya tsaya, ya tsaya, sannan ya dawo yana tafiya ɗaya bayan ɗaya. Aka sa du'ama. Aiki ne mai tsabta, ban ga abin da zan gyara ba.

Da lokacin zare bututu ya yi, Ustaz ya buɗe ido ya ce a kira masa Haruna ya danne. Shugabar nas ta ce, "Ustaz, ka san ba shi da lasisi."  Ya juyo da kai ya ce, "Gaskiyarta. Nuha, zo. Sama kaɗan. Yawwa, nan." Ni na riƙe masa ɗaya hannun, wannan ba ya buƙatar takarda.

Da ya samu sauƙi na raka shi tashar jirgin ruwa, zai tsallaka zuwa Sawakin, can Sudan. Ina ɗauke da jakarsa, yana tafe yana laluben matakala da ƙafa. A bakin shinge ya ce, "Ya Haruna, da na kore ka ka tafi karatu, da ka ji haushina shekara biyu kawai. Ka yafe mini." Na ce babu abin yafewa, shi ya ba ni sana'a. Ya ce, "Na ba ka aiki. Sana'a ita ce wadda ba a iya karɓewa a ofis." Bai cika shekara a gida ba ɗansa ya bugo waya ya ce ya rasu.

Sito ma bai daɗe a hannuna ba, aka ba wani ɗan ƙasa. Yanzu ka san inda nake: wani mustauda, wato babban sito, na kayan asibiti a Madinar Masana'antu, ina loda kwalaye, ina bin mota muna rabawa. Idona na hagu an yi masa aiki, na dama yana jira. Don haka in za ka bar kulliya, Anas, ka bari don ka sami abin da ya fi, kada ka ce Kawu ka gani. Ka koma ka zauna a ajin fiziyar nan. Ka yi imtiyaz ɗinka a wurin da za su gajiyar da kai. Hannu zai zo, shekara biyu a teburi za su ba ka shi. Abin da ke cikin aji kuwa, ni shekara ashirin ba su ba ni ba.

Watan jiya muka kai kaya tsohon asibitinmu. Ta ƙofar baya muke shiga. Mai karɓa ba ya nan, aka ce in haura da kwalayen har sashen. Nuha ce shugabar masu aikin fanni yanzu. Ta gan ni a baranda ta taso da murna, "Ya Ammi Haruna!" Ta ce in jira ta gama wannan majiyyacin ta zagaya da ni in ga sabon ɗaki. Ta shiga, ƙofa ta rufe. Ina tsaye da amalanken kaya, sai na ji ƙarar na'ura daga ciki, wannan mai sauri da ke cewa zuciya ta rikice. Ban san lokacin da na saki amalanken ba. Na tsinci kaina a bakin ƙofa, hannuna a kan ƙarfen turawa. Ƙofar ba ta buɗuwa sai da kati. Wani matashin mai gadi ya taso ya ce, "Ya Hajj, ina zuwa? Nan na ma'aikata ne."

Na tsaya ina saurare har ƙarar ta koma daidai. A aljihuna waya tana ta ruri, direbanmu ne, na ɗauka ya ce, "Yalla, Haruna, saura asibiti biyu." Na ce wa mai gadin ya gaida mini shugabarsu, na ja amalankena na nufi lif ɗin kaya.